Abin da Rajistar Asibiti Ba Ta Ɗauka

Da wuya a sami ma'aikacin da ya kai nas yawan rubutu, da wuya kuma a sami rubutun da ke saurin mutuwa kamar nata. Suna, shekaru, unguwa, zafin jiki, magani, sa hannu. Rajista ta cika a ɗaure a jefa sito, gara ta ƙarasa aikin.

A asibitocin Wurno, Rabah da Goronyo, babbar maganar ba ta da gurbi a wannan takarda. In aka auna damtsen yaro ma'auni ya nuna ja, za a rubuta tamowa. Amma ina za a rubuta cewa uban bai taka gonarsa ba bana saboda 'yan bindiga? Ko cewa kakar da ta goyo shi tun daga ƙauye ita ma hawan jini ke cin ta, ba wanda ya auna ta? Tsofaffin nan su suka fi tsaya mini a rai. Shirye-shiryen lafiya sun fi karkata ga masu ciki da ƙananan yara, kuma da hujja, tsohuwa kuwa sai a ce mata, "Ciwon tsufa ne, Inna, a yi haƙuri."

Nas ɗin ma tsufan na jiran ta. A tsarin da muka saba, da ta cika shekara 60, ko 35 a bakin aiki, sai ritaya. Ta koma gida da duk abin da ta gani: ambaliyar 2010 da ta ci ƙauyukan bakin Gulbin Rima, da dabarar lallashin maigida ya bari a kai matarsa Sakkwato kafin jijjiga ta yi nisa. Magadanta kuwa, da yawansu hankalinsu na Ingila ko Saudiyya.

Alhali ƙasar nan ba baƙuwar rubuta irin wannan ilimi ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno tun 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani duk da nauyin mulki. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan, kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, kuma da ta kafa 'Yan Taru, dattawan mata ta naɗa jaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai karatu ƙauyuka a waƙe. A wurinta tsufa cancanta ce.

Ba sai kowace nas ta buga littafi ba. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa, da Hausa, boko ko ajami, ba sunan majinyaci. Wadda idonta ya yi rauni ta naɗi murya a waya, ɗaliban koyon jinya na Sakkwato su kwafe.