Karatun Taswira: Mu Duba Takarda Kafin Mu Sayi Fili

A ajin yaƙi da jahilci mun koyi karanta wasiƙa da katin asibiti. Akwai sauran takarda guda da ya kamata mu iya karantawa, ita ce taswira. Taswira zanen ƙasa ce a kan takarda, kamar yadda shaho yake hangen ta daga sama.

Birnin Yamai yana ta faɗaɗa. A Banifandu da sauran unguwanni, mutane suna sayen fili da rani, lokacin da ƙasa take bushe ko'ina. Sai damina ta faɗi, wani ya tarar gidansa yana bisa hanyar ruwa. A shekarar 2012 da ta 2020 kogin Isa ya yi ambaliya, gidaje da gonakin shinkafa masu yawa suka salwanta a Saga da Kirkisoy da Lamorde. Banifandu tana nesa da kogi, sunanta ma da Zabarmanci yana nufin tudun lafiya. Amma ko a tudu akwai kwari inda ruwan sama yake kwanciya, kuma inda ruwa ya kwanta nan sauro yake haihuwa.

Ina arewa take?

A yawancin taswirori arewa tana sama, kudu tana ƙasa, gabas tana dama, yamma tana hagu. Sau da yawa ana zana ƴar kibiya mai nuna arewa. Ita za mu fara nema.

Mu tsaya da safe mu fuskanci mafitar rana. Gabas ke nan a gabanmu, yamma a bayanmu, arewa a hannun hagu, kudu a hannun dama. Sai mu shimfiɗa takardar a ƙasa, mu juya ta har kibiyar ta dubi arewa ta gaskiya. Yanzu hanyoyin da ke kan takarda sun yi daidai da waɗanda muke gani da ido.

Sai dai a lura, rana ba ta fitowa a wuri guda duk shekara. Da damina takan karkata wajen arewa, da sanyi kuma wajen kudu. A ƙarshen watan Maris da ƙarshen Satumba ne take fitowa gabas sosai. Alƙibla ma ba gabas ce tsantsa ba. Daga Yamai, Makka tana gabas ne amma ta ɗan karkata arewa.

Sanin kusurwoyi yana da amfani ga manomi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa. Saboda haka ne tun 1965 aka fara dasa itatuwan dogon yaro a gefen arewa da gabas na Yamai, don su tare iska da ƙura. Mai lambu ma ta wannan gefen ya dace ya yi shingensa.

Ma'aunin taswira

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, alhali abin ba shi da wuya. Ƙasa ba ta shiga takarda sai an rage ta. A gefen kowace taswira ta kirki ana rubuta sau nawa aka rage. Idan mun ga 1/2.000, ma'anarsa santimita 1 a takarda daidai yake da santimita 2.000 a ƙasa, wato mita 20. Irin wannan ma'auni akan samu a zanen rabon filaye. Filin gida mai mita 20 a tsawo, mita 20 a faɗi, bai wuce girman farcen yatsa ba a kan wannan zane. Don haka kuskure kaɗan a takarda yana iya kai mutum cikin filin maƙwabcinsa.

Idan an rubuta 1/50.000, santimita 1 mita 500 ne. Idan 1/200.000 ne, santimita 1 kilomita 2 ne. Duk lokacin da lambar ta ƙara girma, ƙasar da ke cikin takarda ta ƙara faɗi, amma gidaje da rijiyoyi sun ɓace daga gani.

Hanya ba ta miƙewa kamar sanda. Don auna ta, mu ɗauki zare mu bi lanƙwasarta, sannan mu miƙe zaren a kan ma'aunin ƴan makaranta. Idan ya kai santimita 6 a taswirar 1/50.000, tafiyar kilomita 3 ce. Haka mai ciki za ta san nisan gidanta da gidan haihuwa tun naƙuda ba ta zo ba.

Launi da layi

Shuɗi yana nuna ruwa: kogi, tafki ko ƙorama. Shuɗin layi mai tsinke-tsinke ƙorama ce da ba ta gudu sai da damina. Wannan layi shi ne abin tsoro ga mai neman fili, domin da rani ba a ganin komai a wurin sai yashi. Kore yana nuna itatuwa da lambuna. Siraran layuka masu launin ƙasa suna nuna tudu da gangare. Inda suka matsu da juna, gangaren yana da tsanani.

Kafin mu biya kuɗin fili, mu nemi a nuna mana zanen rabon unguwar. Mu gwada lambar da ke kan takardar filin da wadda ke kan zanen. Mu je wurin da ƙafarmu, mu nemi alamomin iyaka guda huɗu, mu tambayi maƙwabta ina ruwa yake bi. Wanda yake shakka ya je ma'aikatar magajin gari. Taswirorin ƙasa kuma suna hannun hukumar IGNN a nan Yamai.

A cikin gida ma muna iya zana tamu taswirar da fensir. Mu sa kibiyar arewa, mu nuna ɗaki da rijiya da salga da turken dabbobi. Jami'an kiwon lafiya suna ba da shawara salga ta yi nisan mita 30 da rijiya, kuma ta kasance ta ƙasan gangare. Mita 30 kamar taku 40 ne na babban mutum. Idan filin bai kai haka ba, a yi shawara da maƙwabta kafin a fara haƙa.