FASHIN BAƘI: Wa ke gadon gidan da tsafi ya ɓoye a labarin Harry Potter?

A cikin littattafai bakwai na Harry Potter, waɗanda marubuciyar Birtaniya J.K. Rowling ta wallafa tsakanin 1997 da 2007, akwai wata rigimar gado da ba a cika tsayawa a kanta ba. Rigimar a kan gida ce, mai lamba 12 a layin Grimmauld da ke Landan. Maƙwabtan da ke lamba 11 da 13 ba su taɓa ganinsa ba, har sun saba da ɗaukar cewa kuskure aka yi wajen rubuta lambobin layin.

Gidan na zuri'ar Black ne, tsoffin masu hannu da shuni a cikin matsafa. A littafi na biyar, wanda ya fito a 2003, magajin gidan na ƙarshe, Sirius Black, ya bayar da shi aro ga ƙungiyar asiri da ke yaƙar azzalumi Voldemort.

Yadda aka ɓoye gidan

Tsafin da aka yi wa gidan sunansa Fidelius. Ana kulle sirrin wurin a zuciyar mutum ɗaya, ma'ajin sirri. Duk wanda ma'ajin bai faɗa wa ba, ko ya tsaya a bakin ƙofa ba zai ga komai ba. Wanda aka faɗa wa kuwa ba shi da ikon sanar da wani.

Ma'ajin wannan gida ba mai gidan ba ne. Albus Dumbledore ne, shugaban ƙungiyar. Daga nan mallaka da iko suka raba hanya: gida na Sirius, amma izinin ganinsa na hannun Dumbledore.

Wasiyya da al'adar gida

Da aka kashe Sirius, sai littafi na shida, na 2005, ya bayyana cewa ya bar wa Harry, ɗan amininsa, duk abin da ya mallaka. Sai dai al'adar zuri'ar ita ce gidan ya bi ta kan ɗa namiji mai sunan Black, kuma babu wanda ya rage. An yi fargabar kakanni sun yi wa gidan asirin da zai hana bare mallakarsa. Da haka ne, da ya faɗa hannun Bellatrix Lestrange, 'yar kawun Sirius, wadda ita ce ta kashe shi.

A shari'ar Musulunci da dokar Ingila, wanda ya kashe mutum da gangan ba ya cin gadonsa. A labarin babu wanda ya kawo wannan hujja, domin babu kotun da za a kai mata ƙarar gidan da alƙali ba zai iya gani ba. Ƙungiyar ta kwashe kayanta ta fice, tana jiran abin da hali zai yi.

An warware takaddamar ne ta hanyar bawan gidan, wani ɗan aljani mai suna Kreacher, wanda tsafi ya tilasta wa yin biyayya ga mamallakin gaskiya. Harry ya umarce shi ya yi shiru, ya kuwa yi, ba da son ransa ba. Bautar wata halitta ce ta tsaya a madadin takardar mallaka.

Gado ya tabbata, gida ya suɓuce

Bayan mutuwar Dumbledore, duk wanda ya taɓa faɗa wa sirrin ya zama ma'aji, mutum kusan 20, ciki har da Severus Snape da ake ɗauka maci amana ne. Tun kafin nan wani ɗan ƙungiyar, Mundungus Fletcher, ya riga ya wawushe kayan gidan ya kai kasuwa. Wata sarƙa daga ciki ta ƙare a wuyan jami'ar gwamnati Dolores Umbridge, wadda ta karɓe ta a matsayin toshiyar baki.

A littafi na bakwai, wani ɗan ɓangaren Voldemort mai suna Yaxley ya maƙale wa ƙawar Harry, Hermione, har cikin da'irar tsafin. Daga ranar Harry ya bar gidansa ya koma kwana a tanti cikin daji. Babu wanda ya ƙwace masa mallaka, amma ba ta tsinana masa komai ba.

Abin da labarin ke nunawa

Ɓoye dukiya yana kare ta daga abokan gaba, yana kuma fitar da ita daga ƙarƙashin inuwar doka. Magaji ba shi da inda zai kai kuka, ɓarawo ba shi da wanda zai kama shi, kuma ainihin iko yana komawa ga wanda ya san inda take.

A zahiri ba tsafi ake yi ba, kamfanonin fakewa ake buɗewa. Takardun Panama da aka bankaɗo a 2016, kimanin miliyan 11.5 daga ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca, sun nuna yadda ake sakaya sunan mai dukiya a bayan sunan wani. Dokar Kamfanoni ta 2020 a Najeriya ta wajabta bayyana masu riƙe da ragamar kamfani, kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni ta buɗe kundinsu a 2023.

Amfanin irin wannan kundi bai tsaya ga masu farautar kuɗin sata ba. Yana kare marayu da zawarawa, waɗanda mai gida kan rasu ya bar su da haƙƙi a kan dukiyar da lauya ɗaya ko amini ɗaya kaɗai ya san inda take.