Man Ɗaɗɗoya: Me Ke Cikin Ƙamshin?

A lambuna da bayan gidajen Gwarzo da Kabo ba a rasa ɗaɗɗoya ta gida, wadda masana tsirrai ke kira Ocimum gratissimum. Idan ɗalibi ya murza ganyenta, ƙamshin da ya ji wani mai ne da ke tashi cikin iska. Ana tatso shi ta hanyar turara ganyen da tururin ruwa, sa'annan a sanyaya tururin, man ya taso saman ruwa.

A yawancin ɗaɗɗoyar Afirka ta Yamma, babban sinadarin man shi ne timol, wanda Caspar Neumann ya fara warewa a 1719. Timol yana ɓata fatar ƙwayoyin bakteriya, shi ya sa yake cikin ruwan kurkure baki na Listerine. Abin mamaki, wannan tsiro dai a Indiya da Brazil galibi yujinol yake bayarwa, wato sinadarin kanumfari.

To, a nan hattara ta wajaba. Suna ɗaya ba ya nufin magani ɗaya, kuma kashe ƙwayoyi a ɗakin gwaji bai kai matsayin warkar da majinyaci ba. Tsantsar man tana ƙona fata da baki, don haka kada a sha ta, balle a ɗura wa yaro.