Garkar Bayan Gida: Tukunya Ba Ta Jiran A Buɗe Iyaka

Idan ba a manta ba, a watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na 2023 hanya ta sake toshewa har zuwa Maris na 2024. Duk mai cin kasuwar Ɗan Isa da Jibiya, ko ta Ƙonni da Illela, ya san abin da ya gani. Ciniki ya tsaya, amma tukunya ba ta tsaya ba. Hatsi ana iya tara shi a rumbu, kayan miya kuwa sai an saya kullum, kuma a lokacin ne magidanta da yawa suka gane yawan abin da cefane ke ci.

Noman rani ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta kira jama'a zuwa fadamu da bakin rijiyoyi. Yau albasar Galmi tana kaiwa Abijan da Akra, zogalen Jiratawa kuma ya cika kasuwar Maraɗi. To amma mu ba babbar gona muke nufi ba. Muna maganar ƴar garka mai taku biyar ko shida a bayan ɗaki, wadda ɗan kasuwa zai iya bar wa iyali ya kama hanyarsa.

Ganye shi ne abin farawa, domin ba ya ba da wahala. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Zogale idan ya kai ƙugu a datse masa kai don ya yi rassa. Wanda ba shi da fili ya cika tsohon buhun shinkafa da ƙasa da taki, ya huda gindinsa. Barkono ko kuɓewa za su zauna a ciki lafiya. Takin dai ya zama wanda ya ruɓe sosai, ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Tumatir da kabeji ana renon irinsu tun Oktoba ko Nuwamba, a dasa bayan kamar mako huɗu, da yamma idan rana ta yi sanyi. Albasa tana son kwana 40 zuwa 50 kafin dashe.

Maganar iri ta shafe mu kai tsaye, tunda a rumfunanmu ake sayar da shi. Irin da ya yi watanni a rumfar kwano yana shan zafi yana iya mutuwa, ko da ledarsa na ƙyalli. Na albasa ma da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa. Gwajin ba ya cin ko dala: a sa ƙwaya goma cikin jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan mako guda. In wanda ya tsira bai kai bakwai ba, kada a sayar wa talaka asara. Irin aure kuma, mai alamar F1 a jikin gwangwani, ba a ɗiban ƴaƴansa don shukar baɗi. Ya kamata mai saye ya ji wannan daga bakin mai sayarwa.

Haka batun maganin ƙwari. Tun da tsutsar nan ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, feshi ya zama ruwan dare, har ana ɗura magani a gorar lemo babu suna babu umurni. A gaskiya wannan bai dace da ganyen da yara za su ci gobe ba. Ga ƴar garka, ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, sun wadatar a mafi yawan lokuta: a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma sau ɗaya a mako.

A unguwanni da yawa mata na da niyya, kuma asusun ƙungiyoyi irin na Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, yana iya sayen iri da butar ban ruwa. Abin da ke gagararsu shi ne shinge da ruwa, don akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata biyu. Alhazanmu nawa ne ke da filin da aka kewaye da katanga, yana zaune sai ledoji? Aron rani guda bisa shaidar mai unguwa ba ya cin fili.

Sai a tuna da watan Fabrairu da Maris, lokacin da tumatir ke cika kasuwa har kwando ya rasa mai taya. A nan ne ake yanka shi a shanya a kan tabarma, nesa da ƙura, ya zama kauɗa. Kuɓewa ma a busar. Idan damina ta kama, ɗanye ya yi tsada, masu sari da kansu za su zo suna tambayar tiya nawa.