Kwana Biyu a Birnin Dikko

Mu mutanen Matazu ba mu cika shiga Katsina ba sai da dalili: a kai marar lafiya asibiti, a bi sawun takarda a ofis, ko a raka mai tafiya aikin hajji. Da an gama sai tasha. Mutum zai yi shekara talatin yana wucewa ta Ƙofar Ƙaura bai taɓa tambayar wane ne Ƙauran ba, alhali shi ne babban jarumin yaƙin masarautar. A Italiya kuwa, mutane kan tara kuɗi su tafi birnin Pisa don kawai su ga wata hasumiya da ta karkace, su ci abinci, su koma gida.

To mu ma muna da hasumiya. Idan kaka ta yi, an sayar da wake da dawa, aljihu ya ɗan yi nauyi, a ɗebi yara a kama motar safiyar Asabar.

A fara da hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne mai tsawon kusan mita 15, ana danganta shi da zamanin Muhammadu Korau, a ƙarni na 15. Masallaci ne a da, kuma wurin karatu. Matakalarta ƙunci gare ta, sai ka dafa bango kana hawa, hannunka yana jin sanyin yumɓu. Daga sama kuwa sai ga birni shimfiɗe, rufin kwano ya cinye soraye. Manomin da ya san yadda damina ɗaya ke zaizaye katangar gidansa shi ne zai fi kowa jinjina wa masu yaɓen da suka riƙe wannan gini ɗaruruwan shekaru.

Daga nan a gangara Ƙofar Soro a ga fada, a kuma leƙa Ƙofar 'Yanɗaka, inda Gwamna Lugga ya shigo da sojojinsa a 1903. Amma inda nake so a daɗe shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, yau ta zama gidan tarihi. A waɗannan ɗakuna na ƙasa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu, kafin makarantar ta koma Kaduna, daga baya ta zauna a Zariya da sunan Barewa. Yaron da ke ganin ajinsu na ƙauye bai isa komai ba, a tsayar da shi a nan ya duba da kyau.

Batun ciki kuma, kada a ruɗu da manyan gidajen abinci masu gilashi, kuɗin faranti ɗaya zai ciyar da mutum uku. Da rana fura da nono ta wadatar. Bayan magariba a nemi mai balangu da mutane suka yi wa layi, a ce ya yanko ta wajen kitse, ya barbaɗa yaji, ya ƙara albasa. Kwana kuwa, da wuya a rasa ɗan'uwa a birni.

Da safiyar Lahadi a karya da waina da miyar taushe, a ziyarci kushewar Wali Ɗan Marina a yi addu'a. Sai a sayi kilishin tsaraba, a naɗe shi da kyau don kada yara su gama da shi a mota, a kama hanya tun kafin la'asar, saboda tafiyar dare ba ta zamanin nan ba ce.