Kuɗin Tikitin Kara: Ina Suke Shiga, Kuma Wa Ke Yanke Yadda Za A Kashe Su?

Ina roƙon a ba ni aron wannan fili in yi ɗan bayani a kan wata magana da ta taso mana a nan Aboabo.

Ran nan bayan sallar la'asar muna zaune ana hira, sai wani yaronmu da ya soma kai shanu Kumasi ya dube ni ya ce, "Baba Alhaji, wai kuɗin tikitin nan da ake karɓa a kan kowace saniya, aljihun wa suke shiga?" Mu wajen goma ne a wurin, cikinmu har da waɗanda suka fi shekara talatin a cikin wannan sana'a, amma iyakar amsar da aka ba shi ita ce, "Ai na gwamnati ne." To, wannan amsa ba ta gamsar da shi ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, domin mutumin da yake biya kullum ya kamata ya san inda guminsa yake tafiya.

Wace ce majalisar?

Hukumar da muke kira Asambili, watau majalisar birnin Tamale, ita ce take da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kwashe shara a cikin yankinta. Wannan tsari ya soma ne a shekarar 1988, zamanin mulkin Rawlings, lokacin da aka raba ƙasar Gana gunduma 110. A lokacin ina saurayi, ina bin mahaifina kara da igiya a kafaɗa. Tsarin mulki na 1992 ya tabbatar da shi, kuma yanzu dokar da ake aiki da ita ita ce doka mai lamba 936 ta shekarar 2016. Gundumomin sun ƙaru har sun kai 261. Tamale ta hau matsayin majalisar babban birni a 2004, sannan a 2012 aka yanke Sagnarigu daga jikinta ta zama mai cin gashin kanta. Wannan ya shafe mu, domin tikitin da ka yanka a ƙasar Sagnarigu ko Savelugu asusunsu yake shiga, ba ya zuwa na Tamale.

Kashi 70 cikin ɗari na wakilan majalisa mu ne muke zaɓensu, unguwa-unguwa, su ne muke ce wa asambiliman. Sauran, waɗanda ba za su wuce kashi 30 ba, Shugaban Ƙasa ne yake naɗa su bayan an shawarci sarakuna da ƙungiyoyi. Shi kuma shugaban birnin, Shugaban Ƙasa ne yake ba da sunansa, amma ba zai hau kujera ba sai kashi biyu cikin uku na wakilan da suka halarta suka jefa ƙuri'a sun yarda da shi. Zaɓen asambiliman ba a yin sa da tutar jam'iyya, kuma wa'adinsa shekara huɗu ne. An yi zaɓe a ran 19 ga Disamba, 2023. In tambaye ku, mu nawa ne muka bar kara ran nan muka je muka dangwala?

Inda kuɗin suke fitowa

Rijiya ta farko ita ce asusun bai-ɗaya na majalisun gundumomi. Sashe na 252 na tsarin mulki ya ce kowace shekara a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba, a raba wa majalisu bisa ƙa'idar da majalisar dokoki ta Ankara ta amince da ita, a riƙa biya duk wata uku. Sai dai an daɗe ana kuka da abu biyu: kuɗin kan makara, kuma akan yanke wani kaso tun daga Ankara kafin su iso. A kasafin 2025 Ministan Kuɗi, Cassiel Ato Forson, ya ce daga lokacin aƙalla kashi 80 na asusun zai riƙa tafiya kai tsaye ga majalisu. Amma ku sani, kuɗin nan da ƙa'ida suke zuwa: wannan na ajujuwan makaranta, wannan na ƙananan asibitoci, wannan na ruwan sha, wannan na tsabtar gari, wannan na kasuwa. Majalisa ba ta da ikon ta juya su yadda ta ga dama.

Rijiya ta biyu, albashin yawancin ma'aikatan majalisa, wanda gwamnatin tsakiya take biya, da kuma tallafin da ake bayarwa gwargwadon yadda majalisa ta ci jarrabawar aikinta da ake yi mata shekara-shekara.

Rijiya ta uku ita ce tamu, watau kuɗin da majalisa take tarawa da hannunta: lampo, da harajin gidaje, da lasisin sana'a, da hayar rumfuna, da tara, da tikitin kasuwa. A nan ne tikitin kara, da kuɗin yanka a kwata, da kuɗin fitar da dabbobi zuwa kudu suke shiga. Waɗannan kuɗi su ne majalisa ta fi sakewa da su, kuma daga cikinsu ake sayen man motoci, a biya 'yan kamasho masu yankan tikiti, a biya alawus na zama, a yi ƙananan gyare-gyare. Ƙa'idar da Ma'aikatar Kuɗi take aikowa ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 20 na irin waɗannan kuɗi a yi aikin da ido zai gani ya kuma daɗe. To, wannan kashi shi ne ya kamata mu sa wa ido.

Yadda ake yankewa

Ba mai yankan tikiti ne yake ƙaga farashi daga kansa ba. Kowace shekara majalisa tana rubuta takardar tsayar da kuɗaɗe, inda ake jera abin da za a biya a kan saniya, da tunkiya, da akuya, da buhun masara, da rumfa. Kafin a kai ta zauren majalisa ana kiran ƙungiyoyin 'yan kasuwa a ji ta bakinsu, galibi daga tsakiyar damina zuwa kaka. Bayan wakilai sun amince, sai a buga ta a gazet na gwamnati, ta soma aiki daga watan Janairu. Duk kuɗin da ba ya cikin wannan takarda, kana da hakkin ka tambayi dalilinsa.

Shi ma kasafin haka yake. Tun daga 2012 ake haɗa kuɗin dukkan sassan majalisa a littafi guda, har da na sashen aikin gona. Kuma littafin nan ba daga sama yake faɗowa ba, daga shirin raya gari na shekara huɗu ake tsamo ayyukansa, shirin da ake haɗawa da buƙatun da unguwanni suka kawo ta hannun kwamitin unguwa da asambiliman. Kwamitin kuɗi ya duba, kwamitin ayyuka ya duba, sannan babban zaure ya zartar kafin shekara ta ƙare. Aikin da bai shiga shirin ba, da wuya ya shiga kasafi. Wanda bai shiga kasafi ba kuwa, ko shugaban birni surukinka ne, doka ba ta yarda a fitar masa da kobo ba. Nan ne da yawanmu muke kuskure, mu bari sai ruwa ya cika kara a watan Agusta sannan mu ɗauki tawaga mu tafi ofis da fushi, alhali kuwa tun ran gini ran zane.

Masu nema suna da yawa

Kada mu manta ba mu kaɗai ne a garin ba. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen yankin majalisar Tamale sun haura 370,000, ban da na Sagnarigu. Mai 'ya'ya a makaranta yana son benci. Matan da ke sayar da hatsi da doya da man kaɗe a kasuwar Aboabo suna son rumfa da bayi da hanyar da mota za ta shiga ta sauke kaya. Wanda gidansa ke bakin lambatu yana son a yashe kafin ruwan farko. Sharar gari tana son motar da za ta kai ta Gbalahi. Kowannensu yana da gaskiya, kuma kowannensu yana da wanda zai tsaya masa a zaure.

Akwai kuma abubuwan da muke ɗora wa majalisa alhali ba nata ba ne. Gadar sama da aka buɗe a tsakiyar gari a watan Maris na 2022 aikin gwamnatin tsakiya ne. Ruwan famfo da ke zuwa daga Dalun na kamfanin ruwa na ƙasa ne. Wutar lantarki tana hannun NEDCo. In ka kai kukan famfo wurin da ake yankan tikitin shanu, ka ɓata yawunka. Amma rijiyar burtsatse a kara, da katanga, da fitila, da magudanar ruwa, da dakalin loda shanu a tirela, da wurin keɓe dabbar da ba ta da lafiya, waɗannan ƙofar majalisa ce ƙofarsu.

Namu laifin

Bari in faɗi abin da ya faru da ni, don kada a ce ina wa'azi ne a kan wasu. Shekarun baya, a wata kasuwar ƙauye da ba zan kama sunanta ba, na sayi bijimai shida. Mai yankan tikiti ya matso ya ce, "Alhaji, kawo rabi kawai, ba sai na yaga takarda ba." Na ba shi, ina ganin na ci riba. Da aka zo lodi, da yake babu dakali, sai da katako da tudun ƙasa aka yi dabara, babban bijimin ya zame ya karye a ƙafar baya. Dole na sayar wa mahauci a wurin, a farashin da shi ya ga dama. Abin da na yi asara ran nan ya fi tikitin shekara guda. Ina cikin mota ina zagin hukuma, sai na tuna ni da hannuna na hana kuɗin isa asusun da za a gina dakalin. Malamanmu na Islamiyya sun koya mana cewa amana ba ta mai karɓa ba ce shi kaɗai, mai bayarwa ma yana da nasa kaso.

Ga misali, kuma misali ne kawai don a gane lissafin. A ce shanu 200 suke fita daga kara a mako, kowace ana biya mata sidi 10. Sidi 2,000 ke nan a mako, sidi 104,000 a shekara. In rabinmu muka bi ta bayan fage, littafin majalisa zai nuna 52,000 kawai. Ranar da muka je neman aiki, da wannan adadi za a auna mu, a ce ai kara ba ta kawo wani abin kirki.

Kuma maganar ta wuce ta laka da karaya. Kun tuna tsakiyar shekarar 2023, da ciwon saifa ya ɓulla a Binduri da wasu gundumomi na jihar Gabas ta Sama, har aka rasa rai, aka hana yawo da dabbobi da yanka da sayar da nama na tsawon wata guda, ga babbar sallah ta ƙarato? Fatake nawa ne jarinsu ya tsaya cik? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kara mai katanga, mai ƙofa ɗaya, mai wurin da likitan dabbobi zai tsaya ya duba, ita ce kariyar dukiyarmu da lafiyar wanda zai ci naman, tun daga Gunayili zuwa kwatar Shishegu, har zuwa Kumasi da Tulaku.

Abin da nake ba da shawara

Na farko, kada wanda ya sake biyan ko sisi ba tare da tikiti ba, kuma a duba a ga akwai lamba da hatimi a jikinsa. Na biyu, ƙungiya ta sayi littafi, ta sa yaro mai ilimi a bakin kara, ya riƙa rubuta yawan dabbobin da suka shiga da waɗanda suka fita da abin da aka biya. Ranar zama, wannan littafi zai yi mana maganar da hayaniya ba za ta yi ba. Na uku, mu nemi kwafin takardar tsayar da kuɗaɗe da na kasafi. Ba sirri ba ne, Ma'aikatar Kuɗi tana sa kasafin majalisu a intanet, kuma dokar neman bayani ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce. 'Ya'yanmu da suka yi boko su karanta mana. Na huɗu, mu zauna da mahauta da masu awaki da tumaki da direbobi mu tsayar da buƙata biyu rak, mu rubuta, mu kai wa asambiliman, mu sanar da sarakunanmu, kwafi kuma ya zauna a hannun sakatare. Wanda ya je da buƙata goma, da alkawari yake dawowa. Na biyar, in an kira taron tsayar da kuɗaɗe, a tura mutum uku masu haƙuri da iya magana, ko da ranar ta faɗo ranar kasuwa. Cinikin yini guda bai kai farashin da za mu biya shekara guda ba.

Mu ma sai mu gyara namu. Dabbobin da ake sakewa suna yawo a titi, da ragunan layya da ake ɗaurewa a bakin hanya ana barin ƙazanta, su ne suke sa duba-gari da maƙwabta su riƙa kallonmu a matsayin masu kawo matsala. Mai neman alfarma a zaure ba ya shiga da ƙarar unguwa a bayansa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa wa magini tun kafin damina. Ina roƙon shugabanni su sa wannan magana a cikin ajandar taronmu na gaba. Inda na yi kuskure, masana su gyara mini. Allah ya sa albarka a dukiyarmu, ya kare mu daga annoba, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya zaunar da Dagbon da ƙasar Gana lafiya. Amin.

Wassalam. Naku, ɗan'uwanku daga Aboabo, Tamale.