Yadda Ake Ƙidayar Ƙuri'u a Zaɓen Shugaban Amurka

Sau da yawa ɗalibanmu sukan tambaye mu a aji, yaya mutum zai fi abokin takararsa yawan ƙuri'u, sa'an nan ya faɗi zaɓe? A Amurka haka ta faru, ba sau ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne, a can jama'a ba sa zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Wakilan zaɓe suke zaɓa, su kuma wakilan su zaɓi shugaba.

Wakilan nan su 538 ne. Kowace jiha tana samun wakilai daidai da yawan kujerunta a Majalisar Wakilai, a ƙara biyu domin sanatocinta. Watau 435 da 100, sai 3 na birnin Washinton. Bayan ƙidayar jama'a ta 2020, Kalifoniya tana da 54, Teksas 40, ƙananan jihohi kuwa 3. Wanda ya tara 270 shi ya ci.

Ga inda gizo ke saƙar. In ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya a jiha, ko da ƙuri'a guda ya fi, shi ke kwashe wakilanta duka. Yawancin jihohi an san jam'iyyar da suke bi, saboda haka 'yan takara sukan tare a 'yan jihohin da ba a san inda za su karkata ba. A 2024 su bakwai ne, masu wakilai 93, babbarsu Fensilbeniya mai 19. Donald Trump ya cinye su duka, ya tashi da 312, Kamala Harris da 226.

A 2000 kuwa, Al Gore ya fi George Bush da ƙuri'u sama da dubu 500 a ƙasa baki ɗaya. Amma Bush ya ci Filorida da ratar ƙuri'u 537 kacal, ya kwashe wakilanta 25, ya kai 271, Gore ya tsaya a 266.

Mu ma a Nijeriya yawan ƙuri'u kaɗai ba ya isa. Sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi.

Ɗalibai, ku tuna da 537 ɗin nan. Babbar majami'a ɗaya takan ɗauki mutanen da suka fi haka ran Lahadi. Idan kun isa jefa ƙuri'a, kada wani ya ce muku taku ba ta da amfani.